An ce sai an ɗiga wa 'yata magani kafin a auna idonta, dole ne?

Maman Ummi, Gwammaja

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na jima ina bin abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai larura ta taso ni. Don Allah masu sani ku taimaka min.

'Yata Ummi shekararta huɗu da wata bakwai. Tun wajen azumin da ya wuce na lura idonta na hagu yana shigewa ciki, ta wajen hanci. Ba kullum ba ne. In tana guje-guje a tsakar gida ko tana hangen nesa, idanun nan a daidaice suke, ba ka ce akwai wani abu ba. Amma da ta sunkuya kan allonta da yamma, ko ta zauna tana taya ni tsintar wake, ko ta gaji barci ya fara fizgarta, sai in ga na hagun ya zame. Na yi wa babanta magana ya ce shi bai ga komai ba. Na gaya wa Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce harara-garke ne na ƙuruciya, shi ma ya yi yana ƙarami, ya tafi da kansa ba a je ko'ina ba. Na yi shiru, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ni nake wuni da ita.

Abin da ya ƙara tayar min da hankali, malamar ajinsu ta aiko a kira ni. Ta ce Ummi tana da kai, hadda ba ta yi mata wuya, amma da an miƙa mata fensir ba ta minti biyar sai ta ajiye, ta kifa kai a benci tana murza ido, wai kanta ke ciwo.

Babanta ya ɗauke ta a babur ya kai ta wani shagon gilashi mai na'urar nan ta kwamfuta. Ta ɗora haɓa, ta leƙa ciki, ta ce ta ga ɗan gida a ƙarshen titi. Na'urar ta fito da 'yar takarda siririya kamar rasiɗi. Ga ta nan a hannuna: dama −1.00, hagu −0.50, a sama kuma wasu lambobi ne jere, kowacce daban da 'yar'uwarta. Mai shagon ya ce ba ta hangen nesa ne, a zaɓi firam. Kuɗin hannun babanta ba su kai ba, sai ya dawo gida. Ni kuwa abin bai kwanta min ba. Yarinyar da in jirgi ya taso daga filin jirgin Malam Aminu Kano ita ce mai fara nuna mana shi, wadda take gane babur ɗin babanta tun daga bakin layi, ita ce ba ta hangen nesa?

Sai na lallaɓa muka je asibiti, sashen ido. Muka yanki kati, muka zauna har kusan azahar. Aka nuna mata hotuna a allo, kunya ta hana ta buɗe baki. Abu ɗaya dai na gani da idona: da aka rufe mata na hagu ba ta damu ba, da aka rufe na dama kuwa sai ta fara fizge kai tana ture hannun ma'aikaciyar. Ma'aikaciyar ta rubuta wani abu, ta ce kada mu kuskura mu yi gilashin waccan takardar, mu dawo ranar Litinin a ɗiga mata magani a ido, a jira kamar minti 40, sannan a auna. Ta ce ganinta zai yi dishi-dishi har washegari, mu zo mata da hula saboda rana. Layi ya yi tsawo a bayanmu, ban samu damar tambaya ba.

Da na dawo gida Hajiya ta ce sam. Ta ce jikan maƙociyarta an taɓa sa masa irin wannan, baƙin idonsa ya buɗe kamar na mage da dare, ya fi mako ba ya iya duba littafi, rana ma ba ya iya shiga. Ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hajiya tana ji da yarinyar nan, sunanta ta ci, na san don ƙauna take faɗa, kuma ni ma tsoron ya shige ni.

Shin maganin nan dole ne? Tunda ga na'ura ta riga ta ba da lamba, me za a sake aunawa? Kuma yarinyar da ba ta san harafi ba, ba ta yi wa baƙo magana, yaya za a yi a san abin da take gani?

Mai Awon Ido, Tarauni

Wa alaikumus salam Maman Ummi, Allah ya ba ta lafiya. Awon ido shi ne aikina, kuma yara irin Ummi ina ganinsu kusan kullum, don haka ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita. Ban ga idonta ba, hukunci yana hannun waɗanda suka duba ta. Amma tun farko, ki koma ranar Litinin, kuma ma'aikaciyar nan ta gaya miki gaskiya game da takardar.

A cikin ido, bayan baƙin, akwai wani ɗan madubi mai laushi da tsoka zagaye da shi. In mutum zai dubi abu na kusa sai tsokar ta ɗame, madubin ya ƙara kauri, hoton ya fito ras. In ya ɗaga kai ya dubi nesa sai ta saki. Madubin nan ne yake ƙandarewa in an haura 40, shi ya sa za ki ga iyayenmu suna nisanta Alƙur'ani da fuska ko su nemi gilashin karatu. A yaro kuwa kamar danƙo yake. Ƙarfin gilashi da dayofta ake lissafa shi, su ne lambobin da ke takardarki, kuma yarinya mai shekarun Ummi tana iya ƙara wa idonta fiye da dayofta 10 da kanta cikin ƙiftawa ɗaya, ba ta ma san tana yi ba.

To ki ɗauka kin kai yaro wajen tela a auna masa tsawon riga, shi kuma yana ta ɗage, ya sauka, ya sake ɗagewa. Tef ɗin tela ba ya ƙarya, amma awon ba zai fito daidai ba. Na'urar nan tana da kyau, a manya muna aiki da ita kullum. Ɗan gidan da ke ƙarshen titin an sa shi ne don ido ya ɗauka nesa yake kallo ya saki jiki, amma yaro ya san cikin akwati yake leƙawa dab da hancinsa, sai tsokar ta ɗame. Kuskuren kuma gefe ɗaya yake karkata, lambar ta zame wajen alamar ɗebewa. Lambobin da kika ce kowacce daban da 'yar'uwarta, wannan hawa da saukar ce na'urar ta kama. Aikin maganin ɗigawa shi ne ya sa tsokar barci na ɗan lokaci, yaro ya tsaya da tafin ƙafa a ƙasa a auna shi.

Abin da kika kwatanta ya fi kama da kishiyar abin da takardar ta ce. Mai lambar ɗebewa idonsa ya ɗan yi tsawo ne, kusa yake gani ras, nesa ta yi masa hazo. Mai −1.00 duk abin da ya wuce mita ɗaya ya fara dusashewa, mai −2.00 daga rabin mita. Shi ne yaron da za ki ga yana ƙanƙance ido yana matsawa jikin talabijin. Mai lambar tarawa kuwa idon gajere ne, dole tsokar ta yi ta aiki ko da nesa yake kallo, in ya dawo kusa aikin ya ƙaru. Irinsa zai hango jirgi a sama amma fensir ya sa masa ciwon kai. Yawancin jarirai da 'yar lambar tarawa ake haihuwarsu, wajen +2.00, don tsawon idon jariri kamar milimita 17 ne, na babba kusan 24, yana girma lambar tana raguwa. Wasu yaran tasu ta yi yawa, ba ta sauka yadda ya kamata.

A nan harara-garken yake shigowa. Allah ya haɗa ɗamewar tsokar nan da juyowar idanu ciki, tare suke tafiya. Ki kawo yatsa dab da hancinki ki kalle shi, za ki ji yadda idanun suke haɗuwa. Yaron da sai ya ɗame da ƙarfi kafin ya gani, idon ma yakan biyo ya shige ciki. Yawanci tsakanin shekara 2 da 4 ake fara ganin irin wannan, kuma da yawansu gilashi kaɗai ke miƙar da idon, ba sai an yi tiyata ba. Sharaɗin shi ne a ba su cikakkiyar lambarsu, wadda ba ta fitowa sai da maganin. In kuwa aka ɗora wa irin wannan yaron gilashin ɗebewa, an ƙara wa tsokar kaya ne, karkatar sai ta ƙaru.

Batun rashin magana kada ya dame ki, ba ma buƙatar bakinta. Za a rage hasken ɗaki, a ɗauko wata 'yar fitila ta hannu da ake kira retinoskof, mai fitar da haske siriri kamar tsinke. Mai awon zai zauna nisan hannu guda, kamar santimita 67, ya haska cikin idon yana kaɗa hasken gefe zuwa gefe. Hasken yana dawowa daga bangon bayan ido ja-ja, irin wanda ake gani a hoto in filasha ta haska mutum. In ya bi hannunsa sai a tara gilashin tarawa, in ya gudu kishiyar hannunsa sai na ɗebewa. Haka zai riƙa sauya ƙananan gilasai a gaban idon har ya kai wanda hasken zai daina gudu ya cika ƙofar idon, wato ɗan ramin da ke tsakiyar baƙin, gaba ɗaya. Daga wannan lambar sai a cire 1.50 saboda nisan da ya zauna, abin da ya rage shi ne lambar yaron. Ana yi a tsaye a yi a kwance, don wani idon gabansa bai zagaye sosai ba, ya fi kama da ƙwai a kan ƙwallo. Shi ne ake rubuta wa lamba ta biyu tare da kusurwa, daga 1 zuwa 180. Tun ƙarni na 19 ake wannan dabarar, kuma har yau ita ce madogararmu a ƙananan yara. Jariri ɗan wata uku ma a cinyar uwarsa ake auna shi da ita. Ga ƙarin amfani: tunda ƙofar idon ta buɗe, likita zai leƙa har bangon baya ya tabbatar ba wata cuta ce ta jawo karkatar ba.

Yanzu tsoron Hajiya. Tana da hujja, abin da ta gani ta faɗa. Magungunan ne ba iri ɗaya ba. Wanda aka fi ɗiga wa yara a asibiti sunansa saikulofentolet, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Yana da zafi na 'yan daƙiƙu, za ta yi kuka, ki sa ran haka. Yawanci sau biyu ake ɗigawa da tazarar minti biyar, a jira minti 30 zuwa 45. Mu masu baƙin ido sosai, launin idon yana riƙe wani abu daga maganin, shi ya sa jiranmu yakan fi tsawo, wani lokacin har a ƙara ɗigo. Cikin awa 24 ganin kusa yake dawowa, ƙofar idon takan ɗan ƙara lokaci kafin ta tsuke. Ɗayan kuma atirofin ne, ya fi ƙarfi, akan ba iyaye su sa a gida kamar kwana uku kafin ranar awo, shi ne yake kai mako ɗaya zuwa biyu bai saki ba. Bisa kwatancen Hajiya, shi aka sa wa jikan maƙociyar. Ki tambaye ta cikin ladabi: bayan makon nan, idon yaron bai koma yadda yake ba?

Kafin a ɗiga ki faɗa musu in tana da farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko zazzaɓi a ranar, ko wani magani ya taɓa yi mata illa. Bayan an ɗiga ki danne lungun idon ta jikin hanci da yatsa, minti ɗaya ko biyu, don kada maganin ya gangara maƙogwaro ya shiga jiki. Jefi-jefi akan samu yaron da jikinsa zai ɗauki zafi, bakinsa ya bushe, ko ya riƙa rikici da sambatu. In kin ga haka ki koma wurinsu nan take. Kuma ba maganin da za a saya a kemis a gwada a gida ba ne.

Abin da ya fi damuna a duk bayaninki shi ne ture hannun da ta yi da aka rufe na dama. Yaro ba ya gardama in an rufe idon da ba ya aiki da shi, sai in an rufe wanda yake gani da shi. Alama ce ƙwaƙwalwarta ta fara watsi da na hagun. A shekarunta wannan yana gyaruwa sosai, yana yin wuya in an wuce shekara 7 zuwa 8. Kada Litinin ɗin nan ta wuce ku.

Uwar Maza, Hotoro

Maman Ummi 'yar'uwa, da na karanta saƙonki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ke kin yi sa'a idon ya karkata ya tona kansa. Babban ɗana idanunsa a miƙe suke tas, yana cin jarabawa, yana buga ƙwallo, ba wanda ya taɓa zargin komai. Yana ɗan shekara 11, lokacin hunturu, ƙura ta shiga idonsa na dama ya kumbura, aka rufe masa da auduga. Da asuba ya fito zai yi alwala na ga yana laluben buta. Ya ce, Umma, ni fa tun da can wannan idon ba ya gani sosai, na ɗauka kowa haka nasa yake.

A asibiti harafin saman nan babba kaɗai ya iya karantawa da na hagu, suka rubuta 6/60. Suka ce ma'anarsa, abin da mai lafiyar ido zai karanta daga mita 60, shi sai ya matso mita 6. Da aka ɗiga magani aka auna, na dama kusan babu lamba, na hagu +5.00. Idon lafiyarsa ƙalau, babu yana, babu hakiya. Ƙwaƙwalwa ce ba ta taɓa samun hoto mai kyau daga gare shi ba, ta saba da zama babu shi. An yi gilashi, an yi ta rufe mai kyan wata da watanni, ya ƙaru da layi biyu ya tsaya nan. Likitan bai ɗora min laifi ba, ya dai ce da a shekara huɗu ko biyar aka kawo shi da labarin ya sha bamban. Har yau in na tuna laluben butar nan sai zuciyata ta yi nauyi.

A satin na kwashi ƙannensa uku na kai. Autan, yana da shekara huɗu a lokacin, aka samu irin matsalar. Ya sa gilashi kusan wata huɗu, sannan aka ce mu riƙa manna filasta a idon mai kyau awa biyu kullum yana zane ko jera 'yan kwalabe. Yau idanunsa biyu layi ɗaya suke karantawa.

Ga abin da na koya game da ɗigon. In ta ƙi buɗe ido kada a danne ta da ƙarfi, a kwantar da ita rigingine a cinyarki ta rufe idon, a ɗiga a lungun da ke jikin hanci, da ta buɗe zai shige da kansa. Ku fita da sassafe, ki tafi mata da abin ci da ruwa don jiran yana da tsawo, kuma washegari ki bar ta a gida, ba za ta ga rubutu ba.

Kawu na Fagge

Ni dai ba likita ba ne, shekara 30 ina sayar da yadi a Kantin Kwari, gilashin karatuna ma a bakin kasuwa na saya ina gwadawa da jarida. Abin da muka taso muna ji shi ne, in yaro ya fara sa gilashi ido ya saba ke nan, ba ya ƙara rabuwa da shi, lambar sai dai ta yi ta hawa. Jikata ma an rubuta mata bara, uwarta ta ajiye a durowa saboda haka. Likita, gaskiya ne ko kuwa? Tambaya nake, ba musu ba.

Malamar Nazare, Ɗorayi

Maman Ummi, ga wata 'yar dabara don kunyar. Hotunan da aka nuna mata, in irin waɗanda na sani ne, guda huɗu ne: gida, tuffa, da'ira da murabba'i. Wata likitar ido 'yar ƙasar Finland ce ta tsara su don yaran da ba su san harafi ba. Ki zana su a kwali biyu manya-manya, ki riƙe ɗaya ki ba ta ɗaya, ki nuna hoto a naki ita kuma ta taɓa ɗan'uwansa a nata. Ku yi haka kamar wasa daga yau zuwa Lahadi. A asibiti ba sai ta yi magana ba, yatsa za ta ɗora.

Mu a makaranta mukan gwada 'yan aji ɗaya da allon nan mai harafin E da yake fuskantar sama, ƙasa, hagu ko dama, mu auna mita 6 da igiya. Kada a bar yaro ya rufe ido da tafin hannu, wallahi ta tsakanin yatsu suke leƙe, kuma na bayan layi suna haddace amsar na gaba. Kofin roba muke kifawa. Amma allon nan masu rashin hangen nesa yake kamawa. Irin Ummi sukan ci shi tas su wuce, sai dai malama ta lura da mai kifa kai a benci. Ki gode wa malamarta.

In an ba ta gilashin ki raka ta makaranta ranar farko ki yi wa malamar magana, don yara ba sa rasa kiran juna ido huɗu, kuma shi ke sa wasu su cusa shi a jaka tun daga bakin get.

Mai Awon Ido, Tarauni

Kawu, ranka ya daɗe, tambayar ta yi kyau, kuma kullum ina jin ta. Gilashi ba ya kashe ido. Yaro mai lambar ɗebewa, lambar tana hawa ne saboda idon yana ƙara tsawo yayin da yake girma, ko ya sa gilashi ko bai sa ba. Mutane suna ganin hawan bayan an fara sawa, sai su ɗora wa gilashin. An gwada rage wa yara lamba da gangan ko hawan zai ragu, bai ragu ba. Abin da aka ga yana taimakawa shi ne zama a waje cikin hasken rana. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 a waje kowace ranar makaranta har shekara uku, aka wallafa sakamakon a 2015: kusan 30 cikin 100 ne suka kamu da rashin hangen nesa, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kusan 40. Shi ya sa muke cewa yaro ya samu kamar awa biyu a waje kullum, a rage masa waya.

Gilashinka na kasuwa yana yi maka aiki ne don larurarka ta shekaru ce, idanun biyu ƙarfi ɗaya suke nema. Yaro ba a yi masa haka, kowane ido da lambarsa. Jikar taka a mai da ita a sake awo tunda an shekara, sannan ta sa. Kano ba mu rasa wurin zuwa ba: ga sashen ido na Asibitin Malam Aminu Kano, ga na Murtala, ga asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, ga na Makkah. Duk inda kuka je, ka tambaya ko za a ɗiga mata magani kafin awon.

Maman Ummi, in har lambar tarawa ce ta fito, ki shirya wa abu biyu. Kwanakin farko za ta iya cewa gilashin yana yi mata hazo, don tsokar ta saba ɗamewa, sai a hankali take koyon saki. Sannan bayan ta saba, in an cire shi za ki ga idon ya shige fiye da da. A nan ne dangi suke cewa gilashi ya ɓata ido. Bai ɓata ba, ta ɗanɗani gani ras ne, in an cire sai ta ƙara ƙoƙari don ta dawo da shi.

Maman Ummi, Gwammaja

Jama'a Allah ya saka muku da alheri, na dawo da labari. Na karanta wa Hajiya amsar Likita tun daga farko har ƙarshe, a ɗakinta bayan isha'i. Da na zo kan tambayar jikan maƙociya sai ta yi jim, ta ce idon ya koma, yaron ma yanzu yana sakandare da gilashinsa. Ba ta ce ta yarda ba. Cewa ta yi da ita za a je. Muka tafi mu huɗu har da babanta.

Malama, kwalinki ya yi aiki. Da yatsa ta nuna, aka rubuta dama 6/9, hagu 6/24. Sai aka zo ɗigon. Ta yi kuka sosai a na farko, na biyun a cinyar Hajiya aka yi da dabarar Uwar Maza, bai kai na farko ba. Bayan minti 40 aka haska aka ce bai gama kamawa ba, aka ƙara ɗigo ɗaya muka koma benci. Tana ta kallon tafin hannunta tana cewa Mama hannuna ya yi hayaƙi. Awon kansa bai kai minti goma ba, a ɗaki mai duhu, tana zaune jikin kakarta, mai awon yana yi mata hira yana sauya gilasai. Dama +3.00, hagu +4.75 da ƙaramar lamba ta biyu 0.75 a kusurwa 180. Na fito da takardar shagon na ajiye kusa da wannan ina kallonsu, jikina ya yi sanyi, don da kuɗin babanta sun kai ranar nan da tuni tana sanye da wancan. Likitan asibitin ya leƙa bayan idon ya ce lafiya lau. Washegari da la'asar ta ɗauki allonta tana karantawa.

An ce ta sa gilashin tun daga tashi har kwanciya, mu koma bayan mako takwas, a nan za a ga ko sai an yi rufe ido. Yau kwanansa biyar a fuskarta. Kwana biyun farko ta yi ta cirewa, yanzu ita take nemansa da safe. Jiya na zauna gefe ina kallonta tana tsintar wake, idanun nan biyu a miƙe. Da na cire zan yi mata wanka ya shige ciki yadda Likita ya faɗa, Hajiya tana tsaye ta gani, ita ce ma ta riga ni cewa an gaya mana haka.

Akwai kuma abin da ban zata ba. Muna jira a ɗakin awo babanta ya rufe idonsa na dama da hannu ya dubi allon haruffan da ke bango. Sai na ga ya sake rufewa, ya sauya, ya sake. A hanya yake gaya mana da na hagu bai wuce layi na uku ba, kuma shi ne idon da Hajiya ta ce ya yi harara-garke yana ƙarami. Ba wanda ya ƙara magana har muka iso gida. Da dare Hajiya ta kira ni ta ce a kai ƙanin Ummi shi ma, shekararsa ɗaya da wata takwas, mun karɓo masa kati na ranar Laraba.

Likita, shi babansu mai shekara 36 akwai abin da za a iya yi masa, tunda a babur yake wuni? Uwar Maza, firam ɗin yana zamo mata daga hanci tana leƙe ta samansa, wace irin igiya kika ɗaura wa autanki?